Nasiha ga Samarin Jahun Game da Ranar Ƙuri'a da Watannin da ke Gabaninta

Ya ku 'ya'yana, samari da 'yan mata na ƙasar Jahun, tun daga cikin gari har Aujara da Gunka da Kale da Harbo, ina roƙonku aron hankali da haƙurin karatu, domin al'amarin da nake nufin mu tattauna ba ya cikin waɗanda ake gamawa a tsaitsaye. Abin da ya zaburar da ni ga ɗaukar alƙalami shi ne lissafin da hukumar zaɓe ta ƙasa take fitarwa bayan kowane zaɓe, wanda duk mai kishin ƙasar nan in ya jera shi ya duba sai jikinsa ya yi sanyi. A zaɓen shugaban ƙasa na 2003 an ce kimanin kashi 69 cikin 100 na waɗanda suka yi rajista sun fito, ko da yake masana suna da ja game da ingancin lissafin waɗancan shekaru. A 2015 aka koma kashi 44, a 2019 kashi 35, kana a ranar 25 ga Fabrairu 2023, alhali sunaye fiye da miliyan 93 suna cikin kundi, ƙuri'un da aka kaɗa ba su cika miliyan 25 ba, watau kusan kashi 27 ke nan.

Jiharmu ta Jigawa tana cikin waɗanda suka fi fita kunya, gama a 2019 fiye da rabin masu rajistarta sun fito, a 2023 kuwa wajen mutum 4 cikin kowane 10; amma wanda ya dubi ratar da ke tsakanin waɗannan zaɓuɓɓuka biyu zai gane cewa cutar da ta kama sauran ƙasa mu ma ta fara taɓa mu. Ni kuwa abin da na haƙiƙance shi ne, galibin waɗanda ba su fito ba, ba a ranar Asabar ɗin zaɓe suka rasa ƙuri'arsu ba; sun rasa ta tun watanni kafin nan, sa'ad da aka buɗe rajista suna Legas, ko aka raba kati suna fadama, ko ruwa ya ci ɗakinsu da abin da ke ciki, ba a kuwa sami wani maƙwabci da ya kula ya tambaya ba.

Kafin in shiga bayanin wannan, wajibi ne in tuna muku yadda katin nan da wasunku suke wulaƙantawa ya zo hannunku. A 1951, lokacin da Jahun take gunduma a ƙarƙashin En'e ta Kano, Turawa suka shirya zaɓen farko na Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa, amma suka yi shi hawa-hawa: maza masu biyan haraji su taru a ƙauye, a bainar jama'a, su fitar da wakilai; waɗannan su je gunduma su sake fitar da wasu daga cikinsu; a yi ta tacewa haka har a kai majalisar lardi, inda nan ne kaɗai ake zaɓen waɗanda za su tafi Kaduna. Bayan wannan duka kuma aka bai wa En'e ikon ta cusa nata mutane, kimanin kashi 10 cikin 100, a matakin ƙarshe, ba tare da sun bi ta gaban talakawa ba. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ta yi rawar gani a matakin farko cikin birni, amma da aka gama tacewa ba ta kai mutum ko ɗaya Kaduna daga lardin Kano ba. To, ku auna da hankalinku halin manomin da aka ce ya bayyana ra'ayinsa a gaban dagacin da ke yanka masa haraji, ya kuma san cewa ko ya yi ƙarfin hali ya bayyana, akwai matakai a gaba da za su shafe abin da ya faɗa.

Duk da haka mutanen wancan zamani ba su ce a bar wa Allah su koma gida ba. Teloli da mahauta da 'yan koli da malaman zaure da 'yan tireda suka riƙa yawo ƙauye-ƙauye, wani a ƙasa wani a kan keke, suna karantar da mutane ma'anar ƙuri'a, alhali ba a yin lacca sai da izinin En'e, izinin kuwa ba kullum ake bayarwa ba. Aka ɗaure da yawa a kotunan alƙalai, aka kori wasu daga garuruwansu, 'yan banga suka fasa wa wasu kai. Malam Aminu Kano, Allah ya jiƙansa, da abokan tafiyarsa suka dage a kan a yi zaɓe kai tsaye, a kuma yi shi a asirce, har aka kai ga zaɓen tarayya na 12 ga Disamba 1959, inda kowane baligi namiji a Arewa ya sami damar shiga bayan labule shi kaɗai, ya jefa takardarsa cikin akwatin da ya ga dama, ko mai alamar fartanya ta jam'iyyar NPC ko mai alamar tauraro ta NEPU. Ban kawo wannan tarihi don in tayar da tsohuwar gaba tsakanin jikokin 'yan NEPU da jikokin 'yan NPC ba, domin kowane ɓangare yana da mutanen kirki da hujjojinsa, kuma galibinsu sun riga mu gidan gaskiya. Na kawo shi ne don ku san cewa labulen nan na asiri sai da aka sha wuya kafin a rataya shi.

Ku kuwa 'yan mata, naku labarin ya fi tsawo. Matan kudancin ƙasar nan sun fara kaɗa ƙuri'a tun cikin shekarun 1950, amma iyayenku na Arewa aka ce su dakata, suka ga an karɓi mulkin kai a 1960, Jamhuriya ta farko ta zo ta wuce, ba a tambaye su ra'ayi ko sau ɗaya ba. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda aka haifa a 1933 ta rasu a 2001, ta shiga gidan kurkuku ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, aka yi mata dūka, aka kore ta daga Kano, saboda tana tara mata tana gaya musu cewa su ma 'ya'yan ƙasa ne masu haƙƙi. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 aka buɗe wa matan Arewa ƙofa, tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da ita. Ma'anar wannan ita ce, a cikin gidajenku na Jahun har yanzu akwai tsofaffin da suka yi aure suka haihu a zamanin da doka ba ta san da ra'ayinsu ba. Ku je ku zauna kusa da su ku tambaye su ranar da suka fara shiga layi.

A zaɓen 1979 ɗin nan ne talakawan tsohuwar jihar Kano, mu ma muna ciki, suka ɗora jam'iyyar PRP bisa mulki, Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ya zama gwamna, ya soke haraji da jangali. Duk wanda ya ce muku ƙuri'a ba ta taɓa canza kome a rayuwar talaka ba, ku tura shi wurin dattijon da ya taɓa kwana a daji don gudun masu karɓar haraji.

Ba mu kaɗai ba ne muka san wannan gwagwarmaya. A Amurka, baƙaƙen fata na jihohin kudu sun shekara da yawa suna da 'yancin zaɓe a takarda, amma in sun je rajista sai a ce su biya wani kuɗi, ko a ba su jarrabawar karatu da aka shirya don su fāɗi, ko a kore su daga aiki. Ranar 7 ga Maris 1965 'yan sanda suka far wa masu jerin gwano a garin Selma na jihar Alabama da kulake da barkonon tsohuwa, a watan Agusta na shekarar kuma aka sa hannu a kan dokar da ta haramta jarrabawar nan, ta kuma kare haƙƙinsu na zaɓe. Abin da ya fi jan hankalina a tsarinsu na yau shi ne, yawancin jihohi suna buɗe rumfuna kwanaki ko makwanni kafin ranar zaɓe, domin ma'aikaci da majinyaci da matafiyi kowa ya zaɓi ranar da ta yi masa daidai. A 2020 mutum fiye da miliyan 100 ne suka kaɗa ƙuri'a kafin ranar, wasu da ƙafarsu wasu ta gidan waya. Majami'un baƙaƙen fata suka mayar da shi al'ada, ranar Lahadi in an tashi daga ibada a ɗebi jama'a a motoci zuwa rumfa. A 2021 jihar Jojiya ta yi dokar da ta ƙara sharuɗɗa ga masu zaɓe ta gidan waya, har ta hana a miƙa wa wanda ke cikin layi ruwa ko abinci. Masu dokar suka ce don kada a yaudari mai zaɓe ne, masu sukarta suka ce don a gajiyar da matalauta ne, waɗanda layinsu ya fi tsawo. Ƙungiyoyin unguwanni ba su tsaya ga kuka ba: suka kai ƙara kotu, suka kuma bi gida-gida suna bayyana sababbin sharuɗɗa, suna kwaɗaitar da mutane su yi tun da wuri, har a zaɓen 2022 fiye da mutum miliyan 2 suka kaɗa ƙuri'a a jihar kafin ranar.

Maƙwabtanmu na Gana su ma suna keɓe rana guda, 'yan kwanaki kafin zaɓe, domin jami'an tsaro da ma'aikatan zaɓe da 'yan jarida. Mu kuwa har zuwa zaɓen 2023 ba mu da irin wannan rangwame ko kaɗan: rana ɗaya ce, rumfa ɗaya ce, ita ce wadda sunanka yake cikinta, an kuma hana zirga-zirgar ababen hawa. Ta haka ma'aikatan wucin gadi fiye da miliyan 1 da suke gudanar mana da zaɓe, da 'yan sanda da sojoji da masu sa ido, galibinsu ba sa samun kaɗa tasu. Tun da doka ba ta ba mu faɗin lokaci a ranar ƙuri'a ba, babu abin da ya rage mana sai mu nemi faɗin a cikin watannin da suka gabace ta.

Shingen da ya fi cin ƙuri'un ƙasarmu, a ganina, shi ne ci-rani. Daga 2015 zuwa 2023 an yi babban zaɓe a watan Fabrairu ko Maris, watau daidai lokacin da amfanin damina ya shiga rumbu, majiya ƙarfi kuma suka bazu Kano da Abuja da Legas da Fatakwal, wani yana tura baro, wani yana ga-ruwa, wani yana acaɓa, wani yana gadi. Sunansa yana Idanduna ko Kanwa, jikinsa yana bakin teku; in zai zo sai ya bar sana'ar mako guda ya biya kuɗin mota zuwa da komowa. A 2019 da yawa sun yi wannan sadaukarwa, suka iso gida, sai cikin daren 16 ga Fabrairu, sa'o'i kaɗan kafin a buɗe rumfuna, aka ɗage zaɓe zuwa 23 ga wata. Wanda guzurinsa ya ƙare ya koma, bai sake dawowa ba. A 2023 kuma canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000 ya zo ya haɗu da ƙarancin mai, mutum yana da kuɗi a asusu amma ba shi da na shiga mota a hannu. Alhali kuwa akwai mafita da hukuma ta tanada, wadda kaɗan ne cikin 'yan ci-raninmu suka san da ita: mutum yana iya neman a mayar da rajistarsa garin da yake zaune, muddin ya nema a lokacin da rajista take buɗe. Wanda ya san rani ba ya samunsa a gida, ya kamata ya yanke shawara tun da wuri, ko ya mayar da sunansa can, ko ya fara tara kuɗin mota tun kaka.

Shinge na biyu ruwa ne, ku kuwa ba sai an ba ku labarinsa ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, tafiyar kogin Haɗeja ta sauya, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, ya zama in damina ta yi ƙarfi sai kogi ya bar gadonsa ya shiga gonaki da gidaje, daga Ringim har Miga da Auyo da Kafin Hausa da Haɗeja. A 2022 an rufe rajista ranar 31 ga Yuli, tsakiyar damina, manomi yana cikin noma. Bayan 'yan makwanni ambaliya ta zo. Ku tuna da matar da ta naɗe katinta a leda tare da katin rigakafin yaranta, ta sa a ƙasan kwalla ƙarƙashin gado, cikin dare bangon ƙasa ya jiƙe ya zauna, ta fita da goyo a baya da yaro a hannu zuwa ajin makarantar firamare. Sa'ad da ruwa ya janye aka tono abin da ya tonu, lokacin neman sabon kati ya riga ya wuce. Ba wanda ya hana wannan baiwar Allah zaɓe da gangan, amma an yi zaɓe ba da ita ba, alhali ita ce ta fi kowa buƙatar a tambaye ta wanda zai riƙe al'amarin jinga da yashe kogi da lokacin sakin ruwa daga madatsa. In rani ya yi kuma, ruwan nan dai shi ne ke riƙe mijinta a fadama, gama shinkafa da alkama da tumatir ba su san ranar zaɓe ba, wanda ya yi hayar injin ban-ruwa kuwa ba ya son ya bar shi kwance.

Akwai kuma shingen da ke cikin zuciya, wanda na fi jin tsoronsa a kanku. Nakan ji samari a majalisa suna cewa, "Ko ka yi ko ba ka yi ba, an riga an rubuta," wasu kuma suna cewa duk kanwar ja ce, wasu ma har suna kafa hujja da addini. Ba zan ce muku ba a maguɗi ba, domin kun gani da idonku, kun kuma ga alkawuran da aka yi aka saɓa. Amma ku lura da wani abu: rumfar da mutum 600 suke cikin kundinta, 100 suka fito suka watse tun azahar, ta fi sauƙin murɗewa bisa wadda 500 suka fito suka zauna har aka ƙirga a gabansu; saboda haka zaman gida ba ya rage wa azzalumi kome, sai ma ya sauƙaƙa masa aiki. Ta fuskar shari'a kuwa, malamanmu da yawa sun ɗauki ƙuri'a a matsayin shaida, ɓoye shaida kuwa lokacin da ake buƙatarta abin zargi ne. Sun kuma karantar da mu a usulu cewa in an rasa yadda za a kauce wa cuta biyu sai a ɗauki mafi sauƙi, abin da wajibi ba ya cika sai da shi kuma yana ɗaukar hukuncin wajibin. Malaman tarihi sun ruwaito cewa bayan wafatin Sayyidina Umar, Abdurrahman ɗan Aufu, Allah ya ƙara musu yarda, ya kwana uku yana zagaya Madina yana jin ra'ayin mutane game da wanda za a naɗa, har mata a cikin ɗakunansu sai da aka tambaya. Tawakkali na gaskiya yana tafiya ne tare da riƙon sababi, kamar yadda kuka sani tun a makarantar allo.

To, mene ne aikinku? Kun san gayya: gonar da mutum ɗaya zai yi mako yana fama da ita, samarin unguwa su taru da kiɗa su gama ta kafin la'asar, ba don lada ba, don kowa ya san gobe tasa ce. Irin wannan nake so ku yi wa kundin zaɓe. Ku sami mutum biyar ko shida a unguwa, maza da mata, waɗanda ba jam'iyya ɗaya suke bi ba, ku je ku gai da mai unguwa da liman ku shaida musu niyyarku, sa'an nan ku sayi littafi na rubutu ku bi gida-gida. Ku rubuta wanda ya cika shekara 18 bai yi rajista ba, da wanda katinsa ya ɓace ko ya lalace, da amaryar da aka kawo daga wani gari sunanta yana can, da wanda ya yi rajista bai karɓo ba, da makaho da gurgu da tsohon da ba ya iya tafiya mai nisa. Kada ku manta da rugagen Fulani da ke gefen gari, waɗanda sau da yawa labari ba ya isa gare su sai an rufe. Lambar katin kowa kuwa kada ku rubuta, kada ku karɓi katin kowa ku ajiye, domin wannan ƙofar ɓarna ce. Dokar zaɓe ta 2022 ta ce a rufe rajista aƙalla kwana 90 kafin zaɓe, hukuma kuma takan rufe tun kafin haka, kati kuwa ba a karɓar wa wani, sai mai shi ya je da kansa. Saboda haka in an kawo rabon kati mazaɓa, kamar yadda aka yi a watan Janairu 2023, ku haɗa kuɗin a-daidaita-sahu ko ku ari amalanke ku kai tsofaffi. In an kafe kundi a bango don gyara, ku je ku karanta wa waɗanda ba su iya boko ba, ku duba ko sunan kowa da rumfarsa sun fito daidai, musamman da yake a 2021 an ƙara rumfuna daga 119,974 zuwa 176,846, aka sauya wa mutane da yawa wurin zaɓe ba su sani ba. 'Yan mata su ne za su shiga inda samari ba sa shiga. Magidanta kuwa a bi su da ladabi da lalama, ta bakin malamai da dattawa, har su yarda iyalinsu su fita.

In ranar ta matso, a yi ban-ruwa tun Juma'a, a kwana da wanda rumfarsa take nesa a gidan dangi kusa da ita. Ana buɗe rumfa da ƙarfe 8:30 na safe, a rufe layi da 2:30 na rana, duk wanda ke cikin layi a lokacin kuwa haƙƙinsa ne ya kaɗa ko da dare zai yi. Wannan hukunci ku haddace shi, ku sanar da kowa. Ku riga malaman zaɓe isa, ku share gindin darbejiyar makaranta, ku shimfiɗa tabarmi, ku ajiye randa da moɗa, tun da mu ba a hana mu shayar da mai ƙishi ba. Sai dai ruwan ya zama na kowa, babu hoton ɗan takara a jikin randar. A gabatar da tsofaffi da masu juna biyu da masu goyo da naƙasassu, haka ƙa'idar hukuma ta ce, haka kuma tarbiyyarmu ta ce tun kafin hukuma. Za ku ga tsohuwa ta miƙa babban yatsanta, wanda shekaru na surfe da tsinkar kaba da lalle suka shafe zanensa, na'ura ta ƙi karɓa, yarinya 'yar bautar ƙasa da ba ta jin Hausa ta goge ta sake gwadawa, mutanen baya su fara gunaguni, tsohuwa ta ji kunya ta jawo mayafi za ta juya. A nan ne ake buƙatar ɗayanku ya matso ya ce, "Iya, ki dakata, za a ɗauki fuskarki," domin na'urar BVAS tana tantancewa da yatsa ko da fuska. Ku kuma koya wa mutane tun a gida yadda ake dangwalawa cikin gida ɗaya tak, da yadda ake naɗe takarda don kada ɗanyar tawada ta shafi wani gidan. A 2019 ƙuri'u fiye da miliyan 1 aka soke saboda irin waɗannan kurakurai, a 2023 fiye da 900,000, dukansu na mutanen da suka sha rana a layi.

Akwai abubuwan da nake gargaɗinku da su da babbar murya. Kada kishin yawan ƙuri'a ya sa ku kai yaron da bai kai shekara 18 ba rajista, ko ku yi shiru in an kai shi. Shaidar zur ce, tana kuma zubar da mutuncin ƙuri'un Arewa na halas a idon sauran ƙasa. Wanda ya zo da taliya da sabulu da atamfa da 'yan kuɗi a ambulan, na san yunwa gaskiya ce, ba na kuwa zagin uwar da ta karɓa don 'ya'yanta. Amma ku da kuke da ƙarfi da ilimi, kada ku zama dillalan wannan ciniki, gama laifi ne a doka, cin amana ne a addini, wanda ya saya kuma ba ya jin akwai sauran bashinku a kansa. Kada ku yarda a ba ku ƙwaya da gora ku zama 'yan bangar kowa. 'Yan bautar ƙasa da aka turo mana baƙinmu ne, amana ce a wuyanmu. Abin da ya faru bayan zaɓen 2011, sa'ad da aka kashe ɗaruruwan mutane a Arewa, har da masu bautar ƙasa a jihar Bauci, tabo ne da bai kamata a sake yi mana irinsa ba.

In an gama kaɗawa kada ku watse. A gabanku za a zazzage akwati, a ware, a ƙirga da ƙarfi, a rubuta a takardar sakamako, wakilan jam'iyyu su sa hannu, a ɗauki hotonta da na'ura, a kuma manna kwafi a bango. An hana shiga wurin dangwala da waya, amma ba a hana ku ɗaukar hoton sakamakon da aka manna ba. Ku ɗauka, ku rubuta alƙaluman a littafinku, ku kwatanta da abin da za a sanar a cibiyar tattarawa ta mazaɓa. Wannan ita ce ma'anar abin da iyayenku suke faɗa, a kasa, a tsare, a raka, sai dai a yi shi cikin natsuwa, ba da sanda ba.

Littafin nan kuma yana da sauran aiki bayan zaɓe. Tun 31 ga Mayu 2018 aka rage shekarun tsayawa takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25, saboda haka wasunku sun isa su nemi kujera da kansu. Waɗanda ba su da wannan niyya kuwa sun isa su rubuta takarda. A 2025 Sanata Abdul'aziz Musa 'Yar'aduwa na Katsina ya gabatar wa majalisar dattawa ƙudurin a ba ma'aikatan zaɓe da jami'an tsaro damar kaɗa ƙuri'a kafin ranar, abin da ke nuna cewa maganar ta shiga zauren da ake yin doka. Ku rubuta wa ɗan majalisarku na Jahun da Miga, da na majalisar jiha a Dutse, da ofishin hukumar zaɓe na ƙaramar hukuma, ku gaya musu adadin mutanen unguwarku da ci-rani ya hana, da waɗanda ambaliya ta cinye wa kati, da waɗanda rumfa ta yi wa nisa. Ku nemi a riƙa kawo na'urar rajista mazaɓu da kaka, bayan an girbe gero kafin samari su tafi, a kuma ba garuruwan da ruwa ya ci wani lokaci na musamman don sauya katunan da suka salwanta. Ku sa hannu da sunayenku, mai unguwa ya shaida, ku ajiye kwafi, in wata uku ya wuce ba amsa ku naɗa mutum biyu su je su tambayo.